Tambaya da Amsa: Da hular kwano a kansa ya rasu, to mu meye amfanin saka ta?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan makon kusan duk saƙon da ya shigo filin nan a kan magana ɗaya yake, hatsarin da ya yi ajalin wani matashi ɗan mashin a hanyar Zariya da daddare, wanda ya afka wa bayan wata tipa da ta lalace aka bar ta a gefen titi ba fitila ba alama. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya ba iyayensa da abokansa haƙuri. Masu tambayar kabireto da man inji ku yi mana uzuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Sunaye na cire kamar yadda muka saba, unguwa kawai na bari.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni abokin marigayin ne majalisarmu ɗaya. Wallahi duk cikinmu babu mai kiyayewa irinsa, shi kaɗai yake da hular kwano irin mai rufe haɓa ɗin nan, ba ya hawa mashin da silifas, har safar hannu yake sakawa muna tsokanarsa muna ce masa ɗan tsere. Daren ya taso daga aiki ne, ya wuce Na'ibawa kaɗan, waɗanda abin ya faru a gabansu suka ce yana gudu amma ba irin gudun haukan nan ba, rami ya kauce wa sai yashi ya kwashe shi ya tafi da shi ƙarƙashin tipar. Da aka ɗauko hular ko fashewa ba ta yi ba gilashin ne kawai ya tsage. Tun ranar gardama ake yi a majalisa, mutum biyu da suka fara saka hula saboda shi sun ajiye tasu wai tunda ba ta hana shi ba to zafi kawai muke sha a banza, ni kuma na rasa me zan ce musu don gaskiya ni ma abin ya tsaya min a rai. Don Allah meye gaskiyar magana? (Daga Unguwa Uku)

AMSA: Ƙanina ya ƙarin haƙuri, Allah ya gafarta masa ya sa Aljanna makoma.

Gaskiyar magana ita ce hular kwano ba don karo da tipa aka ƙera ta ba, kuma babu kamfanin da ya taɓa cewa don haka ya yi ta. Don faɗuwa aka yi ta. Bari in yi maka bayani dalla-dalla don ka samu abin faɗa musu. Kafin a yarda a sayar da hula a Turai akwai gwajin da ake mata, wanda za ka ga an rubuta ECE 22.05 ko 22.06 a jikin igiyar hula ta gaske. A gwajin 22.05 ana sa mata kan mutum-mutumi na ƙarfe mai nauyin kan mutum a sako ta a kan ƙarfe da gudun mita 7.5 a daƙiƙa ɗaya, wato kilomita 27 a awa. Na Amurka da ake kira DOT ma bai kai haka ba. Ka ji fa, 27. Gudun da ko ɗan Lifan mai koyo yana wuce shi a cikin lungu. Za ka ce to ashe wasa suke mana, a'a, suna da dalili. In mutum ya zame daga kan mashin, ko da 30 yake tafiya ko da 70, kansa daga tsayin da bai fi mita biyu ba zai sauko ya bugi kwalta, sauran gudun kuma a jan ciki zai ƙare, yana gurzuwa yana mirginawa har ya tsaya. Wannan bugu na farko da wannan gurzuwar su hula take ɗauka, kuma tana ɗauka sosai. Matsalar tana zuwa ne in kafin ya gama gurzuwa ya ci karo da abin da ba ya motsi, bayan tipa, turken fitila, bakin kwalbati, simintin da ya raba titi biyu. A nan gudun gaba ɗaya ne zai tsaya a jikinsa lokaci ɗaya.

Shi kuma gudu lissafinsa ba irin na kasuwa ba ne da za ka ce biyu ninkin ɗaya. In ka ninka gudu sau biyu ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa. Karo da abu a tsaye a kan 27 daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 3. A kan 50 ya zama mita 10. A kan 80 mita 25 ne, ka ɗauka bene hawa takwas. To wace hula ce za ka saka ka diro daga hawa na takwas? Kuma a nan nake so ka koma kan maganar da shaidu suka yi, wai ba gudun hauka yake ba. Mu a Kano me muke kira gudun hauka? Da daddare in titin Zariya ya yi sarari mai 70 ko 80 muna ganinsa a matsayin mai hankali, sai wanda ya murɗe totur ya ƙure shi muke ce wa mahaukaci, ga shi mafi yawan mashinanmu agogon gudun ya mutu tun shekarar da aka saye su, mutum bai ma san nawa yake yi ba, iska kawai yake ji.

Batun cewa hular ba ta fashe ba kuma, wannan ba ya nuna komai a kan abin da ya faru a ciki. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai, in kai ya tsaya cak ita ba ta tsaya ba, sai ta bugi ƙashi daga ciki ta dawo. Ka ɗauki ƙwaryar kindirmo ka girgiza da ƙarfi, ƙwarya lafiya lau amma abin da ke ciki ya dame. Sannan hula iyakarta kai, ba ruwanta da wuya, ba ruwanta da ƙirji. Wanda ya shiga ƙarƙashin babbar mota sau da yawa haƙarƙari ne yake karyewa ya huda huhu, ko hanta ko saifa ta fashe jini ya zuba a ciki, ka gan shi a waje ba wani rauni mai yawa. A 2011 wani shahararren ɗan tseren babur ɗan Italiya, Marco Simoncelli, ya rasu a filin tsere na Sepang a Malesiya yana da shekara 24. Kayan jikinsa na fata ne daga wuya har ƙafa, irin wanda kuɗinsa ya fi na mashinanmu, filin babu rami babu tipa, likitoci suna gefe a shirye, amma ya zame ya faɗa gaban 'yan'uwansa masu tsere suka bi ta kansa har hular ta fita. Duk da haka ba a ji abokan tserensa sun ce daga yau mun daina saka hula ba, sai ma ƙara kayan aka yi, daga 2018 aka tilasta musu rigar da take kumbura da iska in mutum ya faɗi.

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawowa su ne hula mai kyau da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kashi 69. Kashi 42 ba ɗari ba ne, wannan kowa ya gani a kan abokinku. Amma ka tambayi waɗancan biyun, in aka ce ga abin da zai cire musu kusan rabin haɗarin mutuwa a duk fitar da za su yi, saboda gumi za su ajiye shi? Abin da ke ruɗar mu shi ne wanda hula ta cece shi ba a zaman makokinsa. Ya faɗi a Gadon Ƙaya ko shataletalen Ɗangi, ya tashi ya kaɗe riga ya zagi mai adaidaita ya tayar da mashin ya tafi, ko matarsa wataƙila bai gaya wa ba. Labarin wanda ta kasa shi ne yake zaga gari.

TAMBAYA: Malam ni fa duk surutun nan ban ga amfaninsa ba. In kwana ya ƙare ya ƙare. Shi mai hular ga shi ya tafi, ni shekara nawa ina hawa da hular zanna ta ko ƙwarzane ban taɓa yi ba. Ku bar wahalar da mutane, dama tun farko hanyar karɓar kuɗinmu ce kawai. (Daga Ƙofar Mazugal)

AMSA: Alhaji Allah ya ci gaba da tsarewa. Maganar kwana gaskiya ce babu musulmin da zai ja da ita. Amma ka tuna ranar Uhudu Manzon Allah (SAW) sulke biyu ya saka, da kwalkwali a kansa, kuma ya zo a Bukhari cewa an ji masa rauni a fuska, haƙorinsa ya karye, kwalkwalin ya fashe a kansa. Wato kayan kariyar ba su hana rauni gaba ɗaya ba, kuma wanda ya fi kowa sanin ƙaddara bai bar saka su ba. Haka da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da mutane, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ni ba malamin addini ba ne, ka tambayi limamin masallacinku ya ƙara maka bayani.

Zancen karɓar kuɗi kuwa na san inda ya samo asali. Ranar 1 ga Janairun 2009 da hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa ta fara kamen marasa hula, 'yan acaɓa a garin nan ƙwarya suka riƙa kifawa a kai su ɗaure da igiya, wasu tukunya, har kafafen yaɗa labarai na waje suka ɗauka duniya ta yi ta mana dariya, fasinja kuma suna gudun hular haya wai ana asiri da ita ko a ɗauki ƙwarƙwata da makero. Tun daga lokacin muka ɗauki hula a matsayin abin da ake sakawa don jami'i, a hango shi a ɗora, a wuce shi a rataye a hannun mashin. To yanzu ai ba kowa ke tare ka a kanta ba, kai da kanka ne.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni bakanike ne na mashin kuma kullum ina kan hanya tsakanin Kurna da Dawanau. Abin da ya ba ni haushi kowa hula hula yake ta faɗa, babu mai maganar wanda ya ajiye tipa a titi cikin duhu ya tafi gida ya kwanta, babu mai maganar rami da yashin da masu gini suke zubewa a kan kwalta. Yaron nan titi ne ya kashe shi ba rashin kaya ba. Ko ba haka ba? (Daga Kurna)

AMSA: Maigida haka ne, ban cire ko wasali a maganarka ba. Babbar mota in ta lalace doka ta ce a sa alamar nan mai kusurwa uku mai ƙyalli a bayanta da nisa, kuma a jikinta a manna abin da ke haskawa in fitila ta doke shi. Mu kuma me ake yi, a karyo reshen darbejiya a jefa taku biyar daga bayan motar, wani lokacin ma dutse ake jerawa, in an gyara mota a tafi a bar duwatsun a nan su jira ɗan mashin na gaba. Wanda ya yi haka yana da alhaki a wuyansa, kuma iyalan mamaci suna da damar bin haƙƙinsu, yafiya daban rashin sanin haƙƙi daban.

Sai dai ni da kai gobe da safe za mu hau titin nan yadda yake, ba za mu jira a gyara ba. Don haka bari mu yi maganar abin da ke hannunmu.

Yashi shi ne babban maƙiyin mai taya biyu a Kano. Yana taruwa ne a gefen titi da kan kwana da bakin shataletale, daidai inda manyan motoci suke tura mu. Da rani iska ta kawo, da damina ruwa ya kwaso daga lunguna ya shimfiɗa a kwalta, ga na masu gini da tipa take zubarwa tana tafiya. In ka hango shi ka rage gudu tun kafin ka shiga, mashin a miƙe, in ka shiga kuma kar ka damƙi birki kar ka karya kai da sauri. Abin da ya samu marigayin kenan a yadda aka ba da labari, ya kauce wa rami da sauri taya tana kan yashi. Sau da yawa ramin da ka rage gudu ka shiga a miƙe ya fi kaucewar gaggawa sauƙi, gara rim ya lanƙwashe ka kawo wa irin su maigida gyara. Sai baƙin mai da gas da ke zuba inda manyan motoci suke tsayawa, irin su Mariri da Dawanau da bakin gidajen mai, da ruwan farkon damina wanda yake taso da duk maiƙon da ya kwanta a titi tun bara, ranar nan kwalta santsi take kamar me. In ruwa ya rufe titi kuma kar ka bi gefe don ba ka san inda murfin kwalbati ya ɓace ba, ka bi sawun motar da ke gabanka.

Na dare shi ne ya fi damuna. A gudun 60 kana cin kusan mita 17 duk daƙiƙa, kafin ido ya gani ƙwaƙwalwa ta gane hannu ya kai birki daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye, sannan a fara maganar tsayawa. Yanzu ka auna fitilar Boxer ko Jincheng da ta sha shekaru, mita nawa take nuna maka, balle ga mai jif ya taho ya dalle maka ido da farar fitilar nan ta zamani, balle lokacin hazo. Duk wanda yake gudun da ba zai iya tsayawa a iyakar inda fitilarsa ta haska ba to a makance yake tafiya ko da idonsa biyu.

Kai bakanike ne don haka wannan da kai nake. Yara suna kawo muku sabon mashin su ce a cire madubi wai ya fi kyau, ku cire. Birkin gaba ya saki su ce a bar shi ai yana kayar da mutum, ku bari. Alhali mafi yawan ƙarfin tsayawar mashin a tayar gaba yake, don in ka taka birki nauyi gaba yake komawa, na baya shi kaɗai ja kawai zai yi ta yi. Wanda yake kayar da mutum shi ne a damƙe shi lokaci ɗaya, in an matsa a hankali ana ƙarawa babu abin da ya kai shi. Ku riƙa gaya musu, sun fi jin maganarku a kan tamu. Taya mai sanƙo ma haka, da fitilar baya da ta mutu wata shida ba a canza ƙwai ba.

Tipa da tirela kuma ko suna tafiya a ba su wuri. Direban yana can sama, in kana dab da ƙofarsa ta dama ko ka manne a bayansa ba ya ganinka sam, in ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba shi ma bai gan ka ba. In za ta sha kwana sai ta buɗe ta bar fili a ciki, filin nan tarko ne, tayoyin baya ta nan za su biyo. 'Yan adaidaita ba sai na faɗa ba, hannu ɗaya fasinja zai ɗaga su tsaya a tsakiyar titi. Amma mu ma 'yan mashin mu ji tsoron Allah da bin wanwe, da rububin kai amarya ana ɗaga tayar gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Tunda na ji labarin nan hankalina bai kwanta ba. Maigidana da mashin yake kai mu ko'ina, ni a baya da goyo, babban a tsakiya, ƙaramar a kan tanki. Shi yana da hula mu babu. Na yi masa magana ya ce ai a hankali yake tafiya kuma kuɗin adaidaita ya yi yawa yanzu. Ya zan yi? (Maman yara, Sharaɗa)

AMSA: Hajiya gaskiyarsa a kan kuɗin mota, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ji a jikinsa, kuma tun hana acaɓa da aka yi a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, mashin a cikin gari ya koma na kai da iyali. Ba zan ce muku ku daina hawa ba don na san ba za a daina ba. Amma yarinyar kan tanki ita ce a wuri mafi muni, in aka ci birki da ƙarfi ko aka yi karo tsakanin ƙirjin babanta da kan mashin za ta matse, kuma ita za ta fara tashi sama. Goyo kuma in kika faɗi ta baya a kansa za ki sauka. In da hali a raba tafiyar biyu, ko ke da goyo ku hau adaidaita shi ya ɗauki babban, musamman in za a hau manyan tituna irin na Panshekara ko Madobi ko za a dawo bayan magariba. Ki tattare hijabi da zani ki danne a ƙarƙashinki kafin a tashi, kaca da wayar taya in suka kama bakin hijabi ta wuya suke fizgo mace ƙasa, wannan ba sai ana gudu ba. Ƙafar yaro ma ki kula, dunduniya tana shiga wayar taya, salansa kuma tana ƙona ƙauri. Hula kuwa ki ce ya saya miki taki, tana zama a kan hijabi lafiya lau in an zaɓi daidai kai, kunyar kwana biyu ce. Ki faɗa masa da daɗin baki lokacin da ya ci ya ƙoshi, kar ki haɗa da labarin mamaci, maza ba sa son a yi musu fatan tsiya ko da ba shi ake nufi ba.

TAMBAYA: Malam wace iri zan saya? Na ga wasu a Sabon Gari masu araha, kuma ina da ta aikin gini da aka ba ni a wajen aiki, ba za ta yi ba? (Ɗalibi, Kabuga)

AMSA: Ta gini ba za ta yi ba ɗana, an yi ta ne don bulo ko ƙarfe in ya faɗo daga sama, babu abin da zai tsotse bugu a cikinta kuma kafin ka kai ƙasa ta riga ka tashi. Abin da ke aiki a hular mashin ba robar waje ba ce, farin soson nan ne mai tauri da ke ciki irin wanda ake sako rediyo ko firji a cikinsa. Ka ɗaga yadin ciki ka duba, in ba ka gan shi da kauri ba, katifa ce kawai mai laushi, ajiye musu kayansu. Shi wannan farin abu sau ɗaya yake aiki, in ya matse ba ya dawowa, shi ya sa hular da aka taɓa faɗuwa da ita ta gama yayi ko da waje yana sheƙi, kuma shi ya sa nake tsoron ta gwanjo don ba ka san tarihinta ba. Tambarin DOT ko ECE a baya kar ya ruɗe ka, sitika ce kowa zai iya bugawa. Ka saka ta ka girgiza kai, in tana yawo ta yi maka yawa. Mai rufe haɓa ta fi, don haɓa da fuska suna cikin inda aka fi buguwa. Sannan igiya, a ɗaure ta yadda yatsa biyu kawai za su shiga, hular da ba a ɗaure ba ado ce. Baƙin gilashi da rana kawai, da daddare a ɗaga ko a sa fari. Zafi kam akwai shi, watan Afrilu a Kano ba wasa ba, ka nemi mai ƙofofin iska kuma fara ta fi baƙa. Takalmi sau ciki da safar hannu da wando mai kauri suna hana kwalta cin fata da yatsu, amma ba sa hana karaya, kar wani ya ce maka suna yi.

TAMBAYA: Ina wajen lokacin da abin ya faru. Mutane sun taru wasu suna ɗaukar bidiyo, wasu suka ja shi ta ƙafa suka fito da shi, wani ya fizge hular, wani ya kwara masa fiya wata. Ni ban san me ya kamata ba shi ya sa na tsaya kawai. In an sake me zan yi? (Mai shayi, hanyar Zariya)

AMSA: Ɗan'uwa Allah ya saka da niyya. Farko a tsare wurin, wani ya tsaya da fitilar waya ko tocila can nesa yana tsayar da motoci don kar a sake hawa kan mutane, a kashe mashin saboda fetur. A kira 122 na hukumar kiyaye haɗura ko 112. In ba wuta ake tsoro ko wata mota za ta taka shi ba kar a ja shi, kar a naɗe shi kamar tabarma a cusa a adaidaita, don in ƙashin wuya ko na baya ya tsage jan nan ne yake ƙarasa lakar, mutumin da zai warke ya koma ba ya motsa ƙafa har abada. Hula a bar ta a kansa, a ɗaga gilashin kawai ya sha iska, wani ya durƙusa ya riƙe kan da hannu biyu kar ya juya. Ba a cire ta sai in ba ya numfashi ko amai ya toshe masa hanya, shi ma mutum biyu ne, ɗaya ya tallafe wuya ɗaya ya zare a hankali. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi kar a yi ta ɗagawa ana leƙawa. Kar a ba shi ruwa ko madara ko lemo ko yana roƙo, zai iya shaƙewa kuma wataƙila tiyata za a shiga da shi. In dole ku za ku ɗauke shi ku nemi katako ko ƙyaure ku kwantar da shi a miƙe, mutum huɗu ko biyar, kai da wuya da gangar jiki su tafi tare, a sa a bayan a-kori-kura a nufi babban asibiti mai sashen gaggawa, Murtala ko na Malam Aminu Kano, na ƙashi kuma ga Dala. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, don haka tsoron a riƙe ka kar ya sa ka bar mutum a kwalta. Masu bidiyo kuma a ce musu su ji kunya, uwar wani a Facebook take fara ganin gawar ɗanta.

Wanda ya faɗi ya buga kai ya tashi ya ce lafiyarsa ƙalau shi ma kar a ƙyale shi ya tafi shi kaɗai, jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali mutum yana hira da dariya sai bayan awanni ya kife. In ya fara amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci yana fizgarsa, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko ruwa ko jini yana fita ta kunne ko hanci, asibiti kai tsaye ko ƙarfe nawa ne. Karaya kuma a fara ɗaukar hoto kafin a yi zancen mai ɗori, balle in ƙashi ya huda fata.